Gwajin da ake yi wa tokar kwal kafin a zuba ta a kankare

Tambaya: Wani mai kamfanin zuba kankare da buga bulo ya rubuto cewa an yi masa tayin tokar kwal daga wata masana'anta, da araha sosai, an ce za ta maye masa gurbin wani kaso na siminti. Mai sayarwa ya ba shi takarda ɗaya mai jerin sinadaran da ke cikinta. Yana so ya san ko takardar ta wadatar, in kuma ba ta wadatar ba, wane gwaji zai nema a ɗakin gwaji, kuma me lambobin suke nufi.

Amsa: Malam, takardar ba ta wadatar ba. Jerin sinadarai yana gaya maka abin da ke cikin tokar ne kawai. Ba ya gaya maka ko za ta yi aiki idan ta haɗu da siminti, ba ya kuma tabbatar maka cewa lodin da za a kawo gobe irin na yau ne. A waɗannan wurare biyu ake yin asara. Zan jera maka gwaje-gwajen daga masu arha da ake gamawa cikin yini ɗaya zuwa masu cin watanni, domin idan toka ta faɗi a na farko babu dalilin biyan kuɗin na ƙarshe.

Tun kafin ka ɗebi samfur, ka tambayi mai sayarwa daga wane sashe na tukunyar aka kwaso tokar, kuma yaya ake ƙona kwal ɗin. Wadda ake nema ita ce mai laushin nan da hayaƙi ke ɗauka ya yi sama da ita, na'urar tace hayaƙi ta kama ta kafin ta fita ta bututu. Wadda ta faɗo gindin tukunya, mai tsakuwa-tsakuwa, wani abu ce daban. A manyan tashoshin lantarki ana niƙa kwal ya zama gari, a hura shi cikin wutar da zafinta ya haura digiri 1,300. Ma'adinan da ke cikinsa su narke, su daskare a iska, su zama ƙananan ƙwallayen gilashi. Gilashin nan shi ne amfanin tokar. Siminti idan ya sha ruwa yana fitar da kalsiyam haidroksaid, wanda ba ya ƙara wa kankare wani ƙarfin kirki. Silika da alumina na gilashin su ke cinye shi sannu a hankali, su mai da shi irin sinadarin da ke ƙulle yashi da tsakuwa. Amma tukunyar da ke ƙona kwal a kan shimfiɗar yashi mai motsi zafinta tsakanin digiri 800 da 900 ne, bai isa narkarwa ba. Ƙwayoyin tokarta ba zagayayyu ba ne, suna shan ruwa, kuma idan ana zuba dutsen farar ƙasa don kama salfa, tokar kan fito cike da salfet, wato gishirin salfa, da sakakken laim, wato kalsiyam oksaid da bai haɗu da komai ba. Ƙananan tukwanen masana'antu masu ƙona kwal gunduwa-gunduwa kuwa, matsalarsu yawan kwal da bai ƙone ba.

Wannan tambaya ta fi muhimmanci a wajenmu fiye da a Indiya ko Afirka ta Kudu, inda manyan tashoshi ke fitar da toka ana tacewa ana sayarwa da shaida. A nan akwai kwal a Inugu, da Okaba a jihar Kogi, da Maiganga a jihar Gombe, akwai kuma tashar SONICHAR a Anu Araren ta jihar Agadas a Nijar, amma babu kafaffiyar kasuwar tacacciyar toka. Nauyin tantancewa a kanka yake.

Ƙa'idoji biyu aka fi aiki da su. Ta Amurka ita ce ASTM C618 mai faɗin iyakoki, tare da ASTM C311 mai faɗin yadda ake ɗiban samfur da yadda ake gwaji. Ta Turai ita ce EN 450-1. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta wa ɗakin gwaji sunanta da shekarar bugunta. Kada a yi gwaji da hanyar wannan a auna sakamako da iyakar waccan, domin awon kwaɓinsu da zafin tanderunsu ba ɗaya ba ne.

Ɗiban samfur da kanka za ka yi, ko wanda ka amince da shi. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yanke farashi da abin da ke bakin buhu, haka ma toka. A cikin tanka ko tari, mai laushi da mai kaushi rabuwa suke yi. A ɗiba daga wurare da dama, sama da tsakiya da ƙasa, ko a riƙa ɗiba lokaci-lokaci sa'ad da ake saukewa. Kowane ɗiba kada ya gaza kilo 2, haɗaɗɗen samfur kuma kada ya gaza kilo 4. A gauraya a kan leda mai tsabta, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a maimaita. A zuba cikin bokitin roba mai murfi da ba ya shigar da iska, a rubuta rana da lambar mota. Rabi ka kai ɗakin gwaji, rabi ka ajiye a wurinka saboda ranar gardama. Mai ɗiba ya sa takunkumi, ƙurar tana da silika mai cutar da huhu.

Gwaji na farko shi ne danshi. A auna samfur, a sa a oba mai zafin wajen digiri 110 har nauyinsa ya daina sauka, a sake aunawa. ASTM ta yarda da kashi 3 cikin 100. Fiye da haka tokar tana curewa a rumbu, mai yawan kalsiyam ma takan fara daskarewa tun kafin ta ga siminti.

Daga busasshen samfur ɗin ake yin gwajin asarar nauyi a wuta, wanda shi ne ma'aunin kwal da bai ƙone ba. A auna giram 1 a ɗan kaskon tangaran da aka riga aka gasa aka san nauyinsa, a sikeli mai karanta lamba huɗu bayan ɗigo. A sa shi buɗe a tanderu mai zafin digiri 750, da sassaucin 50 sama ko ƙasa, a hanyar ASTM ke nan. Hanyar Turai digiri 950 ce, na awa ɗaya. A fitar, a bar shi ya huce a cikin rufaffiyar tukunyar gilashi mai tsotse raɓa, a auna, a mayar wuta, a sake aunawa har nauyin ya tsaya. Misali, idan giram 1.000 ya koma 0.952, asarar kashi 4.8 ce. Iyakar ASTM kashi 6 ce. Turai ta raba mataki uku: A har kashi 5, B har 7, C har 9. Kurakuran da aka fi yi a nan su ne gasa samfur da danshinsa, sai a lissafa ruwa a matsayin kabon, wato kwal ɗin da bai ƙone ba; barin kasko ya huce a fili ya sake tsotsar raɓa; da cika kasko da yawa har na ƙasa bai sami iskar ƙonewa ba. Sannan lambar ba kabon tsagwaro take nunawa ba. Tokar da ta daɗe a juji ko a tafki ta riga ta haɗu da ruwa da iskar kabon daiyoksaid, waɗannan ma fita suke a wuta su kumbura lambar.

Dalilin damuwa da kabon shi ne yana da ramuka, yana shan ruwa, yana kuma tsotse sinadaran da ake ɗigawa a kankare. A ƙasashe masu ƙanƙara babbar damuwarsu sinadarin sa kumfar iska. Mu nan ƙanƙara ba ta dame mu ba, amma kabon ɗin yana taɓa sinadarin sassauta kwaɓi, sai ka ga ka zuba adadin da ka saba amma kankare ya ƙi gudu. Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ƙarfin tsotsar, wanda ASTM C1827 ta tsara. Yadda aka saba yi: giram 16 na siminti da giram 4 na toka a ƙaramar kwalba, mililita 50 na ruwa, a girgiza minti ɗaya, sannan a riƙa ɗiga tsarmammen sinadarin kumfa, ana girgizawa daƙiƙa 15 bayan kowane ɗigo, har kumfa ta rufe saman ruwan ta tsaya daƙiƙa 45. Yawan ɗigon ake kwatantawa da na siminti zalla. Toka biyu masu asarar nauyi iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a wannan gwajin, domin ba yawan kabon kaɗai ba ne, har da yawan ramukansa.

Sai laushi. Idan gwaji ɗaya tak za a ba ni dama in yi wa kowane lodi, wannan zan zaɓa, domin yawanci tokar da ta yi laushi ita ce mai ƙarancin kabon, mai ƙarancin shan ruwa, mai saurin aiki. Ana amfani da ƙaramar rariya mai idon maikron 45 (maikron 1,000 ne milimita ɗaya). A zuba giram 1, a jiƙa a hankali, sannan a riƙe ta ƙarƙashin bakin famfo na musamman mai fesa ruwa da matsin kilofaskal 69, ana juya ta, minti ɗaya cur. A ɗauraye da tataccen ruwa, a busar, a goge ragowar da burushi a auna. ASTM ta yarda har kashi 34 ya rage a kan rariya. Turai tana da mataki N har kashi 40, da mataki S har kashi 12. Ba a yin wannan da busasshen tankaɗe, ƙwayoyin manne wa juna suke su toshe idanu. Matsin ruwan sai an auna shi da geji, ruwan tankin sama sau da yawa ba ya kai wa. Rariyar kanta tana buƙatar a daidaita ta da simintin gwaji wanda aka san ragowarsa, a fitar da lambar gyara, a kuma wanke ta sosai bayan kowane gwaji biyar. Rariyar da ta toshe tana kayar da toka mai kyau, wadda ta yage kuma tana tsallakar da maras kyau. Ka ce a nuna maka ragowar da idonka. Baƙin gari kwal ne, fari mai ƙyalli yashi ne, kuma idan ya yi yawa ka yi zargin an gauraya da tokar gindin tukunya ko ƙasar juji.

Nauyin ƙwaya, wato kilo nawa ne lita ɗaya ta ƙwayoyin ba tare da gurabe ba, ana auna shi da kwalbar Le Chatelier, kwalbar gilashi mai dogon wuya da layukan awo, da kananzir, ba ruwa ba, don kada tokar ta fara aiki. Wajen giram 50 ake zubawa kaɗan-kaɗan, ana mirgina kwalbar don iska ta fita, ana karanta awo na farko da na ƙarshe a zafi ɗaya cikin bahon ruwa, saboda kananzir yana kumbura da ɗan zafi kaɗan. Siminti 3.15 ne, toka kuwa yawanci tsakanin 2.1 da 2.7. Babu iyakar ci ko faɗuwa, amma lambar tana shiga lissafin haɗi. A ce kana zuba kilo 350 na siminti a kowace kubik mita, wato lita 111. Ka cire kashi 25 ka sa toka mai nauyin 2.3: siminti kilo 262.5 lita 83 ne, toka kilo 87.5 lita 38, jimla lita 121. Lita 10 ta ƙaru, sai a rage yashi wajen kilo 27, in ba haka ba kubik ɗinka ya wuce kubik kuma lissafin siminti ya karkace.

Yanzu takardar da aka ba ka. Na'urar XRF, mai haska samfur da hasken X-ray ta faɗi sinadaransa, ita ce ke fitar da irin wannan jeri. Abin dubawa shi ne jimlar silika da alumina da oksaid na ƙarfe, sai kalsiyam oksaid, sai salfet. ASTM C618 ta raba tokar kwal aji biyu, F da C. A tsohon bugunta, aji F sai jimlar ukun farkon nan ta kai kashi 70, aji C kuma 50. Daga bugun 2019 aka mai da 50 ga duka biyun, aka raba su da kalsiyam oksaid: kashi 18 zuwa ƙasa aji F, sama da haka aji C. Shi ya sa na ce a rubuta shekarar bugu. Salfet kada ya wuce kashi 5 a ASTM, kashi 3 a Turai, domin idan ya yi yawa yana kumbura kankare bayan ya daskare. Turai ta ƙara da kuloraid kada ya wuce kashi 0.10 saboda tsatsar rodi, jimlar alkali kashi 5, magnisiyam oksaid kashi 4. Aji F yana jinkirin ba da ƙarfi amma ya fi kare kankare daga salfet na ƙasa da kumburin da wasu tsakuwoyi ke yi idan sun haɗu da alkalin siminti. Aji C yana da ɗan ƙarfin daskarewa da kansa, amma kariyarsa ba ta kai ta F ba.

Raunin takardar shi ne XRF ba ta bambanta silikar gilashi da silikar yashi. Niƙaƙƙen yashin kogi zai ba ka silika sama da kashi 80 alhali ba ya aikin komai. Idan ɗakin gwajin yana da na'urar XRD, ka nemi ita ma, ita ke nuna nawa ne gilashi, nawa ne ma'adinai masu tsari irin su kwaz da mulait waɗanda ba sa narkewa a kankare.

Gwajin da kowa ke jira shi ne na ƙarfi, kuma tare da shi ake samun na shan ruwa. A hanyar ASTM ana yin kwaɓi biyu. Na ma'auni: siminti giram 500, yashin gwaji giram 1,375, ruwa mililita 242. Na toka: siminti giram 400, toka giram 100, yashi 1,375, ruwa kuma gwargwadon abin da zai sa bazuwarsa ta yi daidai da ta na farko, da sassaucin maki 5. Ana auna bazuwar a kan teburin ƙarfe mai tsalle, faɗuwa 25 cikin daƙiƙa 15. Ruwan da aka zuba a raba da 242 a ninka da 100, shi ne shan ruwa, iyakarsa 105. Toka mai kyau ƙasa da 100 take bayarwa, saboda zagayayyun ƙwayoyinta suna sa kwaɓi santsi. Idan ka ga 103 ko 104, ta ci a takarda, amma a wurin aiki leburori za su ƙara ruwa kuma ribar ta tafi. Kowane kwaɓi yana ba da kiyub shida masu faɗin milimita 50, ana cika mol hawa biyu, kowane hawa a danna sau 32. Su kwana a ɗakin danshi, a cire su bayan awa 20 zuwa 24, a nutsar a ruwan da ya ƙoshi da laim a digiri 23. A fasa uku a kwana 7, uku a kwana 28. Matsakaicin ƙarfin na toka a raba da na ma'auni. Misali 24 a kan 30 ya ba da kashi 80. Ana neman 75, a kwana 7 ko a kwana 28. Hanyar Turai tana cire kashi 25 ne maimakon 20, wato siminti giram 337.5 da toka 112.5, yashi 1,350, ruwa 225 ba a canza shi, a zuba sanduna masu milimita 40 da 40 da 160. Tana neman kashi 75 a kwana 28 da kashi 85 a kwana 90.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Idan aka cire kashi 20 na siminti aka sa garin da ba ya aikin komai, ƙarfin ba zai sauka ƙasa da kashi 75 da wani nisa ba, sau da yawa ma yakan tsallake, musamman idan garin yana da laushi, domin yana cike gurabe yana kuma ba siminti wurin kamawa. Wato cin wannan gwajin a kwana 7 bai tabbatar da cewa tokar tana aiki ba. A ganina lambar kwana 90 ta Turai ta fi gaskiya. Abin da za ka duba shi ne hawa: toka ta gari tana iya farawa da 78 ta kai 90 ko ta wuce a wata uku, maras amfani kuwa inda ta fara nan take tsayawa. Dabara mai arha ita ce ka sa a yi kwaɓi na uku da niƙaƙƙen farin yashi mai laushi daidai da tokar. Idan tokar ba ta tsere masa a kwana 28 da 90 ba, ciko ka saya.

Akwai gwajin da aka tsara don toshe wannan giɓi, ASTM C1897 ta shekarar 2020. Babu siminti a cikinsa. Ana kwaɓa kashi 1 na toka da kashi 3 na kalsiyam haidroksaid, da ɗan garin kalsiyam kabonet da ruwan sinadarin fotasiyam, a rufe a ajiye a digiri 40 kwana 7. Sannan a auna ko dai zafin da kwaɓin ya fitar, ko ruwan da ya ƙulle a jikinsa. Hanya ta biyu ba ta buƙatar na'ura mai tsada: a farfasa, a busar a digiri 40, a gasa a digiri 350, a ga nauyin da ya tafi. Garin banza ba ya ƙulle ruwa, nan take asirinsa ke tonuwa.

Abubuwa uku ne ke lalata gwajin ƙarfi a ɗakunan gwajinmu, kuma ka tambaye su tun kafin ka biya. Na farko simintin ma'auni. A al'ada duka ƙa'idojin biyu siminti zalla suke so, irin wanda ake rubuta wa CEM I a buhu. Simintin buhu da ke kasuwannin Najeriya kuwa galibi CEM II ne mai haɗin dutsen farar ƙasa, nau'in A-L daga kashi 6 zuwa 20, nau'in B-L daga 21 zuwa 35. Idan da shi aka yi gwaji, sakamakon yana da amfani a gare ka tunda shi kake aiki da shi, amma ba za a ce tokar ta cika ƙa'ida ba, kuma dole a rubuta haka a rahoto. Na biyu yashi. Yashin gwaji tacacce ne mai tsayayyen girman ƙwaya, na ASTM daga Ottawa ta jihar Ilinois asalinsa. In an maye shi da yashin kogi, mililita 242 ɗin nan ba ta da sauran ma'ana. Na uku zafin tankin jiƙo. A watan Afrilu ruwan tanki a Kano ko Sakkwato yana iya haura digiri 30 idan babu na'urar sanyaya ɗaki ko wuta ta ɗauke. Zafi yana hanzarta aikin toka fiye da na siminti, sai lambar ta fito da kyau fiye da gaskiya. Da hunturu kuma akasin haka. Ka nemi a nuna maka rajistar zafin tanki. A kuma tabbatar kiyub ɗin ma'auni da na toka rana ɗaya aka zuba su, tanki ɗaya, injin fasawa ɗaya, kuma ana sa su a injin ta gefen da ya kwanta da bangon mol, ba ta saman da aka shafe da cokali ba.

Gwajin kumburi gajere ne amma kada a tsallake shi, musamman ga toka mai yawan kalsiyam. Sakakken laim da magnisiya suna shan ruwa a makare su fasa kankare daga ciki. A Turai idan sakakken laim ya wuce kashi 1.5 ana kwaɓa kashi 30 toka da 70 siminti a zoben Le Chatelier, ƙaramin zobe mai tsaga da allurai biyu a jikinsa, a tafasa awa 3, buɗewar allurai kada ta wuce milimita 10. Amurkawa sun daɗe suna amfani da tukunyar tururi mai matsi, da iyakar kashi 0.8. A duba lokacin fara daskarewa ma, Turai ba ta yarda ya wuce ninki biyu na siminti zalla ba. Idan kuma aka ji warin amoniya sa'ad da ake kwaɓi, daga na'urar tsabtace hayaƙi ya fito. Ba ya rage ƙarfi, amma yana damun ma'aikata a rufaffen wuri.

Idan dalilin sa tokar shi ne kariya, ba rage kuɗi kawai ba, akwai gwaji biyu masu tsawo. ASTM C1567 tana gwada tsakuwarka da simintinka da tokarka tare: sandunan kwaɓi a ruwan soda mai zafin digiri 80 na kwana 14, tsawonsu kada ya ƙaru da fiye da kashi 0.10. ASTM C1012 tana jiƙa sanduna a ruwan sodiyam salfet, giram 50 a kowace lita, ana aunawa har wata shida ko fiye. Ga bulo da ƙananan gidaje ba lallai ba ne. Ga madatsar ruwa, kwalbati, tankin ruwa ko tushen gini a ƙasa mai gishiri, wajibi ne.

Duk wannan tokar aka gwada, ba kankarenka ba. Mataki na ƙarshe a yi haɗin gwaji da yashinka da tsakuwarka da simintinka da ruwanka, ɗaya babu toka, sauran da kashi 15, 20 da 25. A auna silom, wato saukar da ɗanyen kwaɓi ke yi idan an zare mazubin awo, nan take da bayan minti 30 da 60, a zuba kiyub masu milimita 150, a fasa a kwana 3, 7, 28, 56 da 90. Da nauyi ake awo, ba da kwanon sarki ba, domin toka ta fi siminti sauƙi kuma tana kumbura idan an zuba ta. Ka tuna da simintin da ke hannunka: idan B-L ne, ainihin kilinka a ciki, wato gasasshen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti, yana iya zama kashi 65 kawai, ka sake cire 25, ka koma ƙasa da rabi. Ƙarfin farko zai faɗi, kalsiyam haidroksaid da tokar ke buƙata zai ragu, kariyar rodi daga tsatsa ma ta ragu. Da irin wannan siminti ka fara daga kashi 10 zuwa 15.

Lambar kwana 3 da 7 ita za ta gaya maka ranar cire katakon dakin, kada kafinta ya bi al'adar da ya saba. Kankare mai toka ba ya fitar da ruwa sama sosai, don haka iskar hunturu tana tsattsaga fuskarsa cikin sa'o'in farko in ba a rufe da leda ko jiƙaƙƙen buhu ba, kuma yana son ban ruwa aƙalla kwana 7 ba yankewa. Tokar da ba ta sami ruwa ba, ba ta aiki. A bulo matsalar ta fi tsanani, domin ana sayar da shi kwana kaɗan bayan bugawa. Idan ba ka da filin ajiye shi sati biyu zuwa uku ana ba shi ruwa, zai riƙa karyewa a wajen lodi, ka rage kason ko ka bar tokar ga kankare. Irin wannan jerin gwaji shi ake bi da tokar ɓuntun shinkafa da ake samu a Kano da Kebbi, sai dai ita tana shan ruwa ƙwarai, kuma galibi da iyakokin aji N na ASTM C618, ajin garin da ba tokar kwal ba, ake auna ta, inda aka yarda da asarar nauyi har kashi 10 da shan ruwa har 115.

Saura daidaito tsakanin lodi da lodi. Toka ragowar aiki ce, ba don kai aka yi ta ba. Idan masana'antar ta canza wurin sayen kwal, ko ta rage wuta, ko injin niƙa ya sami matsala, tokar ta canza a ranar. ASTM C618 ta ce laushi kada ya kauce da fiye da maki 5 daga matsakaicin gwaji goma da suka gabata, nauyin ƙwaya kuma kada ya kauce da fiye da kashi 5. Ga sabon tushe, C311 ta tanadi gwajin danshi da asarar nauyi da laushi kullum ko kowane tan 90, cikakken gwaji kuma kowane wata. Sai an tara tarihin wata shida ake sassautawa. Saboda haka kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka ɗebi samfur a ranaku daban-daban na sati uku ko huɗu, ba ranar da mai sayarwa ya zaɓa ba. A cikin yarjejeniyar ka rubuta iyakar asarar nauyi da laushi da danshi, da haƙƙinka na mayar da lodin da ya kauce. A bakin ƙofa kuma ka ajiye kwalba mai samfurin da ya ci gwaji, a riƙa kwatanta launi da kowace mota. Idan ta yi duhu fiye da na kwalbar, ko ka zuba cokali ɗaya a kofin ruwa ka ga baƙin maiƙo ya taso sama, kada a sauke a rumbu sai sakamakon tanderu da na rariya sun fito, kuma duka biyun ana samunsu a yinin.